Hoto ɗaya ba ya shaida: yadda muka gina wa hotunan fadama gida a intanet

Na shekara da shekaru ina ɗaukar hoton biki da suna kafin in juya kyamarata ga ƙasa da ruwa. Abin da ya juya ni kuwa tambaya ce guda da wani dattijo masunci ya yi mini a wani ƙauye tsakanin Haɗeja da Nguru. Na nuna masa hoton wani rafi da ya ƙafe, ƙasar ta tsattsage kamar diddigen manomi da hunturu, ga kwalekwale a kife a gefe. Ina ji da hoton nan, domin ya sha yabo a Facebook, mutane suna ta rubuta salati a ƙarƙashinsa. Dattijon ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya duba, sannan ya ce, "Yaro, a wane wata ka ɗauka?" Na ce, "Afrilu ne, Baba." Ya miƙo mini wayata. Ya ce tun yana goye rafin nan yake ƙafewa da bazara, ba sabon abu na gano ba. In ina son sanin ko duniya ta sauya, in dawo da kaka in tsaya a inda na tsaya, in sake dawowa baɗi, in kuma dawowa baɗin baɗaɗa.

Ban ji daɗin maganar ba a ranar. Amma a kanta aka gina duk aikin da na yi daga baya, har da shafin intanet ɗin da zan ba da labarinsa.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A harkar sauyin yanayi gani ɗaya ba ya korar komai. Sauyin yanayi abu ne da ke tafiya a hankali, cikin shekaru talatin, arba'in, hamsin, shi kuwa hoto ƙiftawar ido yake kamawa. Busasshen rafi bai isa hujja ba, sai an ajiye kusa da shi hoton rafin nan, daga wuri ɗaya, a wata ɗaya, a wata shekarar. Da na shiga bincike na tarar wasu sun daɗe da gane haka. Wani Ba'amurke mai ɗaukar hoto, James Balog, ya fara wani aiki a 2007 inda ya kakkafa kyamarori a gaban tsaunukan ƙanƙara a Girinlan da Aislan da Alaska, suna ɗauka da kansu kowace rana, shekara da shekaru. Da aka jera hotunan sai aka ga ƙanƙarar tana ja da baya kamar mai gudun bashi. Aikin nan ne aka yi wa fim mai suna Chasing Ice a 2012.

Misalin da ya fi kama ni yana nan kusa da mu, a Nijar. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 kowa ya ɗauka hamada ta gama cinye ƙasar Maraɗi da Damagaram. Sai masana suka ɗauko hotunan da jiragen sama suka ɗauka a 1975, suka kwatanta da na shekarun 2000. Wani masani na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, Gray Tappan, yana cikin waɗanda suka yi wannan aiki, kuma hotunan ƙauyen Galma na 1975 da na 2003 sun zaga duniya. Itatuwa ba raguwa suka yi ba, ƙaruwa suka yi ninkin-ba-ninkin. Manoma ne suka daina tumɓuke kututture da tohon da ke fitowa a gona, suka riƙa zaɓar mai ƙarfi suna sassabe masa, abin da ake kira sassabin zamani, wanda Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya taimaka wajen yaɗa shi a Maraɗi tun daga 1983. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta wannan hanya ya kai hekta miliyan 5, gawo ne mafi yawa a yankin Damagaram. Ba don tsohon hoto mai kwanan wata ba, da wa zai yarda?

Don haka na zaɓi wurare goma sha biyu a fadamar Haɗeja da Nguru da kuma tudun yashin da ke arewa, wajen Yusufari. A kowane wuri na nemi abin da ba ya tashi: tsohuwar kuka, ginshiƙin gada, kusurwar masallaci. Ina jingina bayana da shi, in kafa ƙafar kyamara a tsayin ƙirjina, in fuskanci inda na fuskanta bara. Sau biyu a shekara, ƙarshen damina da tsakiyar bazara. Ina da littafi mai bangon kwali da nake rubuta rana da sa'a da sunan wuri da abin da mutanen wurin suka faɗa mini. Aiki ne marar armashi. Rabin hotunan ba wanda zai rataya su a falo.

Da hotuna suka taru sai tambaya ta taso, ina za a ajiye su inda mutane za su gani? Da farko na ce ai ga Facebook da Instagram. Ɗan yayata, wanda ya karanta kwamfuta kuma yake gyaran waya a kasuwa, shi ya hana ni. Ya ce, "Kawu, can gidan aro ne." Ya yi gaskiya. Abin da ka sa yau gobe ya nutse ƙarƙashin hotunan amare da rigimar siyasa, wanda ka sa bara kuwa sai ka yi ta jan allo har yatsa ya gaji. Ba yadda za ka jera hoton 2021 kusa da na 2023 su zauna tare. Sannan waɗannan dandali suna matse hoto, suna kuma goge bayanan da kyamara ke ɓoyewa a cikinsa, wato rana da sa'a da irin kyamara. In aka rufe maka asusu kuma, ba ka da alƙalin da za ka kai ƙara.

Gina shafi na kanka abu biyu yake buƙata tun farko, kuma ɗan yayata da misalin kasuwa ya fahimtar da ni. Akwai suna, wato adireshin da mutum zai rubuta ya same ka, kamar allon da ake kafawa a goshin shago. Akwai kuma shagon kansa, wato wuri a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashe ta, inda hotunanka za su zauna. Dukansu haya ake biya, galibi shekara-shekara. Mun zaɓi suna mai ƙarewa da .ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi a Nijeriya, saboda da naira ake biya, ba sai an nemi katin dala ba. Wajen ginin kansa mun yi amfani da WordPress, manhaja ce kyauta da ta daɗe, tun 2003, kuma wanda ya iya tura saƙo da hoto zai iya koyon ɗora abu a kanta cikin mako guda. Wannan ɓangaren shi mutane suka fi tsoro, alhali shi ya fi sauƙi. Yini biyu muka gama.

Inda muka sha gardama shi ne tsarin ɗakunan. Ni mai ɗaukar hoto ne, ina son in sa mafi kyawun hotona a ƙofar shiga, ya cika allo, faɗuwar rana a kan tafkin Nguru da tsuntsaye suna ketawa. Haka manyan masu hoto na duniya ke yi. Mun yi hakan, muka duba a kwamfutar shago, ya yi kyau har na ji kamar in yi guɗa. Bayan mako biyu na koma fadama, na ce wa wani malamin firamare ya buɗe a wayarsa. Muka zauna a gindin darbejiya muna kallon wani ɗan zobe yana juyawa. Ya juya, ya juya. Kafin rabin hoton ya sauko saƙo ya shigo cewa datarsa ta kusa ƙarewa. Kunya ta rufe ni. Na ɗauki hoton mutane, na gina masa gida, sannan na yi wa gidan ƙofar da masu hoton ba za su iya shiga ba.

Ga lissafin, don mai son yin irin wannan ya kiyaye. Hoto guda daga kyamara mai kyau yakan kai megabait 8 ko 10, wani ya fi. Shafi mai hoto ashirin irin wannan ya tasam ma megabait 200, wato datar da wani zai yi kwanaki yana lallaɓawa. Allon waya kuwa ba ya buƙatar ko kashi ɗaya cikin goma na wannan nauyi. Muka rage faɗin kowane hoto, muka mayar da su wani tsari da ake kira WebP, wanda Google ya fito da shi a 2010, sai hoton da ya kai megabait 8 ya koma ƙasa da kilobait 200, kuma a waya ido ba ya rarrabewa. Muka saita shafin kada ya sauko da hoto sai mai karatu ya gangaro kusa da shi. Muka cire bidiyon da ke kunna kansa, muka cire rubutun ƙawa mai lanƙwasa. Wanda ke son babban hoto na asali, ɗan jarida ne ko mai bincike, akwai maɓalli a ƙasa da aka rubuta nauyinsa a jiki, ya san abin da zai kashe kafin ya taɓa. Tun daga ranar doka ta zama ɗaya: ba a gwada shafin a kwamfutar shago. A wata tsohuwar Tecno mai fasasshen gilashi ake gwadawa, a inda sabis ke da sanda biyu.

Ƙofar shiga kuma ta koma jerin sunayen wurare goma sha biyun nan da ƙaramar taswira. Ka taɓa suna, ka shiga ɗakin wurin. A ciki hotuna suna jere daga na farko zuwa na ƙarshe, na kaka a layi ɗaya, na bazara a layi ɗaya, don kada a sake yin kuskuren da na yi a gaban dattijon nan. A saman kowane ɗaki akwai hotuna biyu da aka ɗora ɗaya kan ɗaya, da wani siririn layi a tsakiya da ake ja da yatsa: ka ja dama ka ga shekarar farko, ka ja hagu ka ga ta bana. Wannan ɗan layi ya fi duk wani dogon bayani aiki. Na ga tsohuwar da ba ta taɓa riƙe babbar waya ba tana ja tana mayarwa, tana nuna inda gonar shinkafar mijinta take kafin kachalla ta shafe ta.

Kachalla ce ta kawo ni ga abin da na fi daɗewa ina tunani a kai, wato rubutun da ke ƙarƙashin hoto. A nan ne mai gaskiya da mai neman suna suke rabuwa. Abu ne mai sauƙi ka ɗauki kowace masifa ka rubuta sauyin yanayi a ƙasanta, kuma masu ba da tallafi daga waje suna son jin haka. Amma fadamar Haɗeja da Nguru ba sama kaɗai ta taɓa ta ba. An gina madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, aka gama ta Challawa a 1992, kuma waɗannan koguna biyu su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Kafin madatsun, ruwa yakan zo da ƙarfi da damina ya malale fadama, ya janye da rani ƙasa ta bushe a yi noma da kiwo. Bayansu sai babbar malalar ta ragu, ruwa kuma ya riƙa sulalowa kaɗan-kaɗan duk shekara. Irin wannan ruwan kwance shi kachalla ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya rasa ruwa, wani kuma ruwa ya kwanta a gonakinsa ya ƙi tafiya, tsuntsayen jan baki suka samu mafaka a cikinta suna fitowa suna cin hatsi. In na sa hoton kachalla na ce ɗumamar duniya ce kawai, na yi ƙarya, kuma mutanen wurin sun san na yi.

Ba wai yanayi bai sauya ba. Ya sauya, kuma akwai shaida. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Wannan ya yi daidai da abin da manoma ke faɗa: ruwan ya dawo bayan shekarun fari, amma ba ya zuwa da tsari, sai ya ɗauke mako uku shuka ta yi yaushi, sannan ya zubo na wata guda a dare ɗaya. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, kuma Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Abin da muka yi shi ne raba rubutun kowane hoto gida uku. Na farko abin da ido ya gani: wuri, rana, sa'a, inda aka fuskanta. Na biyu abin da mutanen wurin suka ce, da bakinsu. Na uku abin da masana suka tabbatar, in akwai. Ba ma cakuɗa su.

Haka nan Tafkin Chadi. Kusan duk shafin da ka buɗe za ka ga an ce ya ƙafe da kashi 90 cikin ɗari. Gaskiya ne cewa a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, kuma farin shekarun 1970 da 1980 ya mayar da shi kusan kashi ɗaya cikin goma. Amma hotunan tauraron ɗan'adam na baya-bayan nan sun nuna bai ci gaba da ƙanƙancewa ba, yana cika yana janyewa. Wanda ya tsaya a hoto biyu, na 1963 da na tsakiyar shekarun 1980, ya faɗi rabin labari. Su waɗannan hotunan sama kowa na iya samu. Amurka ta harba tauraron Landsat na farko a 1972, kuma tun 2008 aka buɗe rumbun hotunansa kyauta. A ɗakin kowane wuri mun sa na sama kusa da nawa na ƙasa.

Da Hausa muka rubuta shafin, Turanci yana biye ga mai so. Wasu abokai sun ce na juya abin, ai Turawa ne masu kuɗi. Na ce su bari. Ɗan yayata ya sha fama kafin ya samo salon rubutun da ke nuna ƙ da ɗ da ɓ daidai, don wasu salon akwatuna suke fitarwa a madadinsu, sai ƙasa ta koma wani abu daban. Saboda waɗanda ba sa karatun boko kuma, kowane ɗaki yana da gajeriyar murya, minti ɗaya ko biyu, inda masunci ko makiyayi ko mai saƙar tabarmar kaba ke faɗin yadda wurin yake a da. Murya ba ta da nauyi kamar bidiyo, kuma mu mutanen rediyo ne tun asali.

Maganar fuskokin mutane kuwa, na koyi darasi daga Gideon Mendel, ɗan Afirka ta Kudu, wanda tun 2007 yake bin ambaliya ƙasa-ƙasa, har ya zo Bayelsa a 2012. Ba ya satar hoton mutum yana kuka. Yakan nemi yardarsa, su koma gidan da ruwa ya ci tare, mutumin ya tsaya ya dubi kyamara ido cikin ido. Ni ma ba na ɗaukar kowa sai na gaya masa cewa hoton nan zai hau intanet, kuma ana iya ganinsa daga Legas har Makka. Kafin in shiga gari sai na gaida mai gari na faɗi abin da ya kawo ni. Matan aure ba na ɗauka sai da yardarsu da ta mai gida, yara sai da ta iyaye. Wanda ya ce a cire shi daga baya, ana cirewa, ba gardama. Akwai kuma abin da ban sani ba sai da aka nuna mini: waya da wasu kyamarori suna rubuta ainihin inda aka tsaya a cikin hoto. A zamanin nan na rashin tsaro, nuna wa duniya daidai inda rugar wani take da yawan shanunsa ba ƙaramin ganganci ba ne. Muna goge wannan bayani daga hoton da ke kan shafi, mu bar shi a na asali da ke ajiye.

Satar hoto ba ta da magani, na haƙura da wannan. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, da idona na ga wani hotona na ambaliyar Jigawa yana yawo a WhatsApp an ce Maiduguri ce. Amfanin shafin a ranar shi ne ina da inda zan nuna in ce ga asalinsa, ga ranarsa, ga garinsa. Yanzu da kwamfuta ke iya ƙirƙiro hoton ambaliyar da ba a taɓa yi ba, wannan ya ƙara daraja. Muna sa suna da shekara ƙanana a kusurwar hoto, muka kuma rubuta a fili cewa makarantu da ɗalibai su ɗauka kyauta in za su faɗi inda suka samo, mai sayarwa kuwa sai ya nemi izini.

Sau ɗaya shafin ya mutu, kuma laifina ne. Wa'adin hayar suna ya cika ina can fadama, saƙon tuni ya shiga akwatin imel ɗin da ba na buɗewa. Na dawo na tarar da farin allo. Allah ya taimaka ba a kai ga sayar wa wani sunan ba. Aikin da aka yi niyyar ya shekara ashirin ba a barin sa a hannun mantuwar mutum ɗaya. Yanzu ranar biya tana rubuce a bangon shago, mu biyu muke riƙe da kalmar sirri, kuma hotunan asali suna wuri uku: a kwamfutata, a wata ma'ajiya da ke gidan ƙanwata a wani gari, da kuma a intanet. Littafin nan mai bangon kwali ma na ɗauki hoton kowane shafinsa.

Damina huɗu kawai nake da su a hannu, kuma damina huɗu ba ta isa a yanke wa yanayi hukunci ba. Abin da ya fi ƙaranci shi ne jiya. Na tabbata a cikin akwatunan ƙarfe da tsofaffin albam na gidajenmu akwai hotunan da aka ɗauka a bakin gulbi ranar sallah, ko a gona, ko a gaban makarantar da yanzu yashi ya kai tagarta. An ɗauke su don mutanen da ke ciki, amma bayansu akwai itatuwa da ruwa da tudu. In kana da irin wannan, kada ka bari gara ta riga ka. Tambayi tsofaffin gida shekarar da aka ɗauka tun suna raye, ka rubuta a bayan hoton da sunan wurin. Sannan ka je ka nemi inda mai hoton ya tsaya, a watan da ya tsaya, ka ɗaga wayarka ka ɗauki na bana.